Marin da Na Yi wa Abba

Ranar Juma'a ce, saura kwana kaɗan a kama azumi. Na tashi ƙarfe huɗu da rabi, na yi sallar asuba a tsakar gida, na koma na kwanta. Juma'a kaɗai ce ranar da ba na fita da mota. Sauran kwana shidan ina kwasar ma'aikatan sharar kamfaninmu daga Mesaimeer zuwa cikin Doha, in dawo da su da yamma. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Sunana Isiyaku, mutumin Funtuwa. A gidan da muke zaune ana ce mini Baba Isiya, don na girmi kowa.

Tsohon gidan Larabawa ne mai bene, an yanyanka ɗakunansa da katako. Mu talatin da huɗu ne a ciki. Yawancinmu Hausawan Najeriya ne, masu gadi da direbobi, sai 'yan Zangon Ghana su bakwai a ɗakunan sama. Ƙofa ɗaya ce, ta ƙarfe, mai sakata daga ciki.

Ƙarfe takwas ɗana ya yi mini aski a bakin tankin ruwa. Shi ne ɗan farina. Sunan mahaifina aka sa masa, shi ya sa muke kiransa Abba. Shekararsa ashirin da huɗu. Ni na nema masa biza, na kawo shi, ya samu aiki a wani shagon kofi a Al Mirqab. Yana askin yana ba ni labarin wata tsohuwa Balarabiya da take zuwa kullum ta ce kofin ya yi ɗaci, ta shanye, ta sake saye. Na yi dariya har injin ya ɗan cije ni a ƙeya. Muka sha shayin karak da burodi. Ya kwashi wankinsa ya hau sama.

Ban san abin da ke cikin waya ba. 'Yan gidan suna da guruf. Ina ciki, amma ba na buɗewa, idona ba ya son ƙananan rubutu. Kwana biyu kafin nan, Razak, wani mai gadi ɗan Kumasi, ya sa labarin cewa majalisar ƙasarsu ta amince da dokar haramta auren jinsi, har da ɗauri ga wanda ya goyi bayansa a fili. Aka yi ta kabbara. Namu suka ce ai mu mun daɗe da yin tamu. Sai Tasi'u ya sa wani bidiyo daga gida.

Tasi'u shi ne shugaban masu gadin gidan. Ni na ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya fara sauka a ƙasar. A kan katifata ya yi sati biyu kafin a ba shi gado.

A bidiyon samari ne zaune a ƙasa, an tuɓe musu riguna. An ce an kama su a wajen bikin auren maza biyu. Ana zuba musu dorina ana tambayar wace ce amaryar. 'Yan guruf suka yi ta dariya har daren Alhamis.

Ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar Juma'ar, Abba ya zauna a kan matakala ya naɗi muryarsa ya tura. Ba ta kai minti ɗaya ba. Ga abin da ya ce:

"Na uku daga hagu a bidiyon nan Kabiru ne, ajinmu ɗaya tun firamare. Kwana shida bayan wannan dukan ya rasu. Ku daina dariya. Manya biyu in sun ce suna son juna za su yi aure, ban ga abin da suka tsare wa kowa ba. Ni ina goyon bayansu. Wanda yake neman mai goyon baya ya ɗaure, ga ni, Abba Isiyaku, ɗaki na shida."

Ƙarfe goma na lura gidan ya yi tsit. Ranar Juma'a ana kunna rediyo, ana musun ƙwallo, ana faɗa a kan layin injin wanki. Ranar nan injin ne kaɗai yake ƙugi. Na gaishe da mutum biyu a kicin, suka amsa ba su dube ni ba. Na ɗauka gajiya ce.

Sha ɗaya da kwata muka tafi masallaci, ni da Abba, yana riƙe da dardumata. 'Yan gidanmu sun saba haɗa sahu ɗaya kusa da ƙofar yamma. Ranar babu wanda ya zauna kusa da mu. Wani ɗan Bangaladash ne ya cike gurbin. Ana sallamewa suka fice da sauri. Mu muka tsaya a kanti, Abba ya sayi nono na roba biyu. Sha biyu da minti ashirin da biyar muka shiga gida.

Sakata ta faɗa a bayanmu. Ƙarar da na fara ji ke nan.

Suna tsaye a tsakar gida da kayan Juma'arsu, fararen kaftani, ƙamshin turare bai bar jikinsu ba. Na dubi ƙasa. Wasu sun cire takalman masallaci sun sa manyan takalman aiki. Tasi'u yana tsakiya da ƙaramar sifika a hannu. Ya danna waya. Muryar ɗana ta cika gidan. Ta ƙare, ya sake sawa daga farko.

"Baba Isiya, ka ji," in ji shi. "Ɗanka ne. Kai za ka fara. In ka ƙi, mun san a gida ya koya."

Wayoyi uku suka tashi sama suna ɗauka.

Na juya na dubi Abba. Ya sunkuya ya ajiye robobin nonon a ƙasa, ya ɗora dardumar a kansu don kada ta yi datti. Ya miƙe.

"Baba, ni na faɗa," ya ce.

Na ce a raina in na mare shi sau ɗaya da ƙarfi, za su huce, a watse. Haka na gaya wa kaina a lokacin. Amma ba zan yi ƙarya ba, akwai fushi a hannun. Shekara goma sha ɗaya na tara mutunci a gidan nan, ga shi ana kallona kamar kare. Rabona da dukansa tun yana ɗan shekara goma. Hannuna hannun direba ne, ya yi kanta. Na ɗaga shi, na sauke a gefen kansa da dukan ƙarfina.

Ƙarar kamar an yar da katako a siminti. Hularsa ta yi gefe. Ya faɗa jikin tankin ruwa, ya zame ƙasa, yana dafe da kai. Bai yi kuka ba. Ya buɗe baki yana kallona kamar yana son tambayar wani abu.

Wani ya yi kabbara. Suka rufar masa.

Bel ɗin aiki suka fara cirewa, suka naɗe a hannu, ƙarfen yana lilo. Akwai sandar mofa. Akwai wayar wuta ninki biyu. Waɗanda ba su samu komai ba suka sa ƙafa.

"Ku riƙe ƙafar!"

"Cire rigar!"

"Faɗi sunan mijinka!"

Suka yage kaftaninsa daga wuya har ƙasa. Wani ya zaro tiyon injin wanki ya kwarara masa ruwan dattin a fuska. Tasi'u ya aika aka ɗauko injin askin da muka bari a bakin tanki. Mutum biyu suka danne kan, ya aske rabi ya bar rabi, yana juyo da fuskar wajen wayoyin. Suka ce ya yi kalmar shahada. Ya fara. Kafin ya kai rabi aka shure shi a ciki, aka ce sake. Ya sake. Aka sake shurinsa.

Ni ina tsaye. Wannan ma sai na faɗa. Ina tsaye inda na mare shi, tafin hannuna yana zugi. A gidan da ke maƙwabtaka da mu 'yan Nepal suna dafa abinci, tukunyarsu mai fito ta yi fito sau uku ina ji. Wani a benen can ya ja tagarsa ya rufe. Abba ya dunƙule, ya rufe kansa da hannuwa biyu. Bai kira sunana ba ko sau ɗaya.

Sai na ga Sabi'u, wanda suke ɗaki ɗaya da shi, suke ci a kwano ɗaya, ya tafi bayan kicin ya dawo da bulo a hannu biyu. Ya ɗaga shi sama da kansa.

A nan ƙafata ta motsa. Na faɗa a kan ɗana, na rufe shi da jikina. Bulon ya same ni a kafaɗa ya fashe a ƙasa. Takalmi ya same ni a baki. Na ji haƙora sun karye, na haɗiye ɗaya. Ƙarfen bel ya sauka a bayana ban san sau nawa ba.

"Ku janye tsohon!"

Suka kama ƙafata suna ja. Na sarƙe hannuna a ƙugun Abba, suka ja mu tare a kan tayil.

"Shurɗa! Shurɗa na zuwa!"

Daga bakin ƙofa muryar ta fito. Shurɗa su ne 'yan sanda. A ƙasar nan duk baƙo yana tsoron wannan kalmar fiye da wuta, don faɗa ɗaya ya isa a soke wa mutum katin zama. Cikin ƙiftawar ido tsakar gidan ta zama wayam. Ƙofofin katako suka yi ta rufuwa. Bel guda biyu suna yashe a ƙasa.

Babu 'yan sanda. Razak ne, wanda ya fara sa labarin a guruf. Ya zare sakatar, ya riƙe ƙofar da ƙafa.

"Yalla, Baba, ɗauka shi. Maza."

Makullin motar kamfani yana aljihuna, ba na rabuwa da shi. Ƙaramar bas ce, tana ajiye jikin katanga. Na ja Abba, Razak ya ɗaga ƙafafunsa, muka shimfiɗe shi a ƙasan motar tsakanin kujeru. Agogon gaban mota ya nuna ƙarfe ɗaya saura minti goma.

Titi babu kowa. Bayan Juma'a garin kan mutu har la'asar. A titin Salwa danja ta tsayar da ni. Babu mota gabas, babu yamma, amma akwai kyamara, na tsaya. Motar 'yan sanda ta zo ta tsaya a hagu da ni. Na ɗaga hannun riga na rufe bakina kamar mai hamma. Jini yana gangara cikin hannun rigar. A bayana Abba yana numfashi da ƙara, kamar ana jan buhu a yashi. Na ƙara sautin rediyo. Danja ta ba da hannu, suka wuce.

Asibiti ba ta yiwuwa. Za a tambayi wa ya dake shi, a kuma tambayi dalili. Dalilin yana cikin waya talatin, da muryarsa da sunansa. Dokar ƙasar ba ta wasa da irin wannan magana. In sun gama da shi, gida za su sa shi a jirgi. Ina ta tuƙi ban san inda za ni ba, sai Abba ya ce daga bayan mota, "Mirqab. Esta."

Esta 'yar Kenya ce, tare suke aiki a shagon kofi. Tana zaune da wasu mata huɗu a hawa na uku na wani gini a bayan shagon. Ɗaya da minti ashirin na tsaya a lungun. Na aika mai gadin ginin ya kira ta, na ce saƙo na kawo daga wurin aiki. Ta sauko da silifas. Ta leƙa cikin motar. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta koma ta ɗauko zanen gado muka lulluɓe shi, muka bi ta matakalar baya, don lif ɗin akwai kyamara. Sauran matan sun tafi coci, sai huɗu da rabi za su dawo.

A kan tayil ɗin banɗaki ta wanke shi. Ta sa almakashi ta rage sauran gashin. Ta liƙa filasta a gira da haɓa. Bayansa duk ya tashi layi-layi. Idon dama ya kumbura ya rufe. Jini siriri yana fita daga kunne, ta goge, ya sake fitowa, ta cusa auduga. Ta miƙo mini tawul da ƙanƙara don bakina.

Biyu saura kwata wayata ta fara ƙara. Lambar uwarsa ce daga Funtuwa. A can ko azahar ba a yi ba. Na bar ta ta katse. Ta sake kira sau huɗu. Sai ga saƙon murya daga ƙanena. Bidiyon dukan ya isa gida. Matasan unguwa sun taru a ƙofar gidana, suna tambayar yaushe zai dawo. Ƙanena ya ce, "Yaya, ko me za ka yi, kada ka turo shi nan."

Gida ya rufe ke nan.

An fasa wayar Abba a tsakar gida. Da tata wayar Esta ta yi ta bincike, tana zaune a bakin gado. Ta samo jirgin ƙarfe takwas da minti biyar na daren ranar, zuwa wata ƙasa da ba ta neman biza daga ɗan Najeriya. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Ta ce a kawo fasfo. Fasfonsa da nawa suna cikin akwatina, ƙarƙashin gado, a ɗaki na biyu, a gidan Mesaimeer.

Na yi lissafin in shiga lokacin la'asar, suna masallaci. Uku da minti biyar aka kira salla ina kan hanya. Uku da kwata na tura ƙofar.

Ba su tafi masallaci ba. A gida suka yi jam'i. An wanke tsakar gidan da tiyo, tayil ɗin yana sheƙi. An shimfiɗa tabarmi, ga manyan farantai na shinkafa da miyar kaza, abincin Juma'a, an ci an rage. Kayan Abba suna jibge kusa da kwandon shara: katifa, takalma, rigar aikinsa mai sunansa a ƙirji. An zuba musu ruwan wanke-wanke.

Tasi'u ya miƙe ya jawo mini kujera. Ya dubi bakina ya ce kuskure ne, in yi haƙuri, ba ni aka nufa ba. Ya tambaye ni ina yaron. Na ce na yar da shi a bakin titi. Ya ce ba komai, ranar Lahadi da an buɗe ofis zai kai wa kamfani da 'yan sanda muryar, duk inda ya shiga za a zaƙulo shi.

"Saura kai, Baba. An ga ka kare shi. Wanke kanka."

Ya ɗaga waya a gaban fuskata. Ƙofar ɗakina tana bayansa, taku shida.

Na ce, "Ni Isiyaku na sallama shi duniya da lahira. Ba ɗana ba ne. Ban yafe masa ba."

Ya saurari abin da ya ɗauka. Ya ce ba ta fita sosai, bakin ya kumbura. "Sake, da ƙarfi." Na sake. Jini ya cika mini baki, na tofar, na sake na uku. Wannan ta yi masa.

Suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu. Sabi'u ma ya ba ni, da hannu biyu, yana rusunawa. Wani ya zuba mini shinkafa ya sa cinyar kaza a kai. Na karɓa na shiga da ita ɗaki. Na ajiye farantin a kan gado. Na jawo akwati, na zaro fasfo biyu, na cusa su cikin safa, ɗaya a kowace ƙafa. Ban ɗauki komai ba bayan su. Na fito na ce zan je kemis saboda bakina. Tasi'u ya ce Allah ya sawwaƙe. Ban ga Razak a tsakar gidan ba. Ban sake ganinsa ba har yau.

Huɗu da minti goma na koma Al Mirqab. Esta ta yanki tikitin. Ta ba shi hular sanyi da takunkumi da riga mai dogon hannu ta wani ɗan'uwanta. Ta ba shi tsohuwar wayarta. Ta sa buroshi da tawul da wando ɗaya a 'yar jaka, don kada a gan shi hannu rabbana a filin jirgi a fara tambaya. Ta koya masa abin da zai ce: ya faɗo daga babur, zai je jinya wajen 'yan'uwa. Huɗu da minti ashirin da biyar muka sauka ta matakalar baya. Tana tsaye a saman benen, hannunta a baki.

Da sauran lokaci kafin jirgi, kuma ba mu da inda za mu. Na kai mu bakin teku, Corniche, na shiga cikin jerin motoci na tsaya. Wannan karon a gaba ya zauna, kusa da ni. Ya jingina kansa da gilashin ƙofa yana kallon ruwa.

Wajen ya cika. Yammacin Juma'a ne. Iyalai suna yawo, yara suna kan kekuna, masu gudu suna wucewa da ƙananan wanduna. Jiragen ruwa na katako suna ɗibar mutane, kowanne da kiɗansa. Injin motar yana aiki saboda sanyi. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, ina kallonsa, sitiyarin, ba yaron ba.

A wajenmu uba ba ya roƙon ɗansa gafara. Na roƙa. Murya ƙasa-ƙasa, da bakin da ba ya buɗuwa sosai. Na ce na ɗauka mari ɗaya zai ishe su. Na ce tsoro ne ya kama ni, da kunya, kuma na san ba hujja ba ce. Na ce akwai wani bidiyo da zai gani, wanda na yi da la'asar, kada ya yarda da ko kalma ɗaya a ciki, fasfo na je ɗauka. Na ce shi ɗana ne, sunan ubana gare shi. Na ce ya yafe mini.

Bai juyo ba. Bai ce komai ba. Na jira. Jirgin ruwa ɗaya ya tafi ya dawo. Shida saura minti ashirin da biyar aka kira magariba, fitilun dogayen gine-ginen tsallake suka kama. Na ɗauka amsarsa ke nan. Na tayar da mota.

Shida da minti goma muka isa filin jirgi. A wajen sauke fasinja ba a barin mota ta daɗe. Na zagaya na buɗe masa ƙofa. Ya sauko a hankali, yana dafe da haƙarƙari. Na miƙa masa fasfo. Ya karɓa, ya gyara takunkumin.

"Baba, ka mayar da motar kafin su nema," ya ce.

Mai tsaron wajen ya busa usur, yana yi mini alama da hannu. Na ga bayan Abba yana ɗingishi har ƙofar gilashi ta rufe. Na tafi wani gidan man fetur kusa da filin na tsaya. Bakwai da rabi Esta ta aiko cewa ya wuce masu duba fasfo. Bayan ƙarfe takwas jirage suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Ban san wanne ne nasa ba.

Kwana biyu na yi a cikin motar. Ranar Lahadi na kai makulli ofis, na ce na bar aiki. Tasi'u ya riga ni zuwa, na ga takalmansa a ƙofar manaja. Babu wanda ya riƙe ni. Kwana takwas bayan nan na bar ƙasar da kayan jikina.

Ban je Funtuwa ba. An jefi gidan, an fasa tagogi, an rubuta abin da aka rubuta a jikin ƙofa. Uwarsa ta kwashi ƙannensa uku ta koma wajen yayanta a wani gari. Ta ga bidiyon dukan, ta ga wanda na sallama shi a ciki. In na kira tana ɗauka. Ta gaya mini lafiyar yara, ta yi shiru, har in kashe. Ni ina wani garin da ba a san ni ba, ina jan tifar yashi.

Maganar da Abba ya yi a guruf, har yau ban ce na yarda da ita ba. Ko shi ma irin su Kabiru ne, ko tausayin aboki ne kawai ya sa shi, ban tambaye shi ba a ranar, kuma ban samu wata ranar ba. Yana kiran uwarsa sau ɗaya a wata. Ya ce kada ta ba ni lambar. Ba ta ba ni ba.

Bayan wata huɗu ta gaya mini abin da likita ya ce a can. Haƙarƙarin ya haɗe. Idon ya buɗe, yana gani. Kunnen hagu ya mutu, ba zai dawo ba. Ta ce ta tambaye shi wa ya yi masa, ya ce mutane ne da yawa, bai sani ba.

Sau ɗaya na kalli bidiyon dukan, a bayan tifa, lokacin cin abinci. Na ƙirga. Mutum goma sha ɗaya ne suka taɓa shi. Tun da ya faɗi, hannunsa yana rufe da gefen hagu na kansa har aka gama. Mutum ɗaya ne ya same shi a kunnen hagu.

A motocin can direba a hagu yake zama. Abin da na faɗa a gaban wayar Tasi'u, Abba ya ji shi sarai, uwarsa ta ce ya kalla. Abin da na faɗa a bakin teku, a wannan kunnen na faɗa.